Yadda Masu Kyamara Suka Raya Ƙananan Layukan Dogo a Amurka

Ranar Lahadi 26 ga Agusta, 1934, wani ƙaramin kamfanin jirgin ƙasa da ke bin gaɓar kogin Deerfield, tsakanin jihohin Massachusetts da Vermont a arewa maso gabashin Amurka, ya ɗauki wasu fasinjoji irin waɗanda bai saba gani ba. Babu mai zuwa kasuwa a cikinsu, babu mai zuwa ganin dangi. Jirgin kansa suka zo gani. Ƙungiyarsu ta masu sha'awar jirgin ƙasa, Railroad Enthusiasts, ita ta yi shatarsa, suka hau da kyamarorinsu, suka yini suna kallon kan jirgi da gadoji da kwanoni. Sunan layin Hoosac Tunnel and Wilmington, kuma masu tarihin sufuri a Amurka sukan ɗauki wannan tafiya a matsayin ta farko da aka shirya musamman don masoya jirgi. Shekara 90 da 'yan kai ke nan, abin da aka fara kamar shaƙatawar yini guda ya zama dalilin da ya sa wasu layukan dogo ke numfashi har yau.

Gajeren layi shi ne wanda ke haɗa ƙauye, ko mahaƙar ma'adinai, ko injin yankan katako da babban layi. Wani mil biyar ne, wani hamsin. Kan jirgi ɗaya ko biyu ya ishe shi, direba ya san kowane manomi da ke bakin hanya, kuma sau da yawa taragon fasinja guda ake maƙalawa a bayan taragun kaya a tafi. A 1916 tsawon layukan dogo na Amurka ya kai ƙololuwarsa, kimanin mil 254,000. Daga nan aka fara gangara. Mota ta shigo, aka zuba kwalta, manyan motocin kaya suka ƙwace lodi, sannan karayar tattalin arziki ta shekarun 1930 ta zo ta ƙarasa masu rauni. Ƙananan layuka ne suka fara faɗuwa. Saboda haka mutanen da suka hau jirgin Deerfield sun san abin da suke kallo ba zai daɗe ba.

Wannan sanin ne ya haɗa kansu. An kafa Railway and Locomotive Historical Society tun 1921, sai National Railway Historical Society a 1935. A 1940 Al Kalmbach ya fara buga mujallar Trains a birnin Milwaukee, mai hoto ya sami inda zai aika da aikinsa dubban mutane su gani. A 1947 Lucius Beebe, ɗan jarida kuma ɗan masu hali daga yankin Boston, tare da abokin aikinsa mai ɗaukar hoto Charles Clegg, suka fitar da littafin Mixed Train Daily, bayan sun karaɗe ƙasar suna bin ƙananan layuka ɗaya bayan ɗaya. Littafin ya nuna wa Amurkawa cewa jirgin ƙauye mai tafiyar hawainiya ma yana da darajar da za a adana. A waɗannan shekaru yawancin tafiye-tafiyen na ban kwana ne. Da an ji kamfani ya nemi izinin rufe layi, ko zai ajiye kan jirgi mai kwal ya sayi na dizal, sai ƙungiya ta yi shatar jirgi na ƙarshe, a je a ɗauki hoto kafin masu sayen ƙarafa su iso.

A cikin irin waɗannan tafiye-tafiye ne wata al'ada ta kafu, wadda har yau ita ce zuciyar harkar. Fasinja da ke cikin tarago ba ya ganin jirgin da ke ɗauke da shi. Don haka sai a zaɓi wuri mai kyau, bakin gada ko kwana ko hawa, jirgi ya tsaya, kowa ya sauka. Masu shiri su jera mutane sahu guda, rana a bayansu, gajeru su durƙusa a gaba, dogaye su tsaya a baya, babu mai ƙetare sahu don kada ya shiga hoton ɗan'uwansa. Jirgi ya ja da baya har ya ɓace a bayan kwana. Sai a yi tsit, domin akwai masu naɗar sauti. Can sai a ji usur. Fayaman ya zuba kwal fiye da kima don hayaƙi ya turnuƙe, direba ya buɗe wa injin tururi, jirgi ya taho da ƙarfinsa, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafa, ɓurɓushin gawayi na sauka a kan hula. Ya wuce, ya tsaya, ya dawo da baya. Idan gajimare ya tare rana a daidai lokacin, sai a roƙi direba ya sake. Daƙiƙa talatin ɗin nan su ne abin da wani ya yi tafiyar kwana biyu dominsa.

Kayan aiki ma sun sauya abin da ido ke nema. Fim ɗin Kodachrome mai launi ya fito a 1935, bayan yaƙin duniya na biyu kuma ya yaɗu a hannun talakawan masu hoto, suka riƙa haɗuwa da daddare ana haska hotuna a jikin bango. Amma wanda ya ɗaga wannan sana'a zuwa matsayin fasaha shi ne O. Winston Link, mai hoton talla daga New York. Daga 1955 zuwa 1960 ya bi kamfanin Norfolk and Western, babban layi na ƙarshe da ya riƙe injin tururi, ya ɗauki hotuna kusan 2,400. Ya fi son dare, domin da dare shi ke da iko da haske. Yakan yini yana jan waya yana dasa ƙwayayen fitila masu walƙiya. A shahararren hotonsa na garin Iaeger a West Virginia, wanda ya ɗauka a 1956, ga saurayi da budurwa cikin mota a filin kallon sinima, ga jirgin sama a jikin majigi, ga jirgin kaya na wucewa a baya da farin tururinsa. Fiye da ƙwai arba'in suka tashi lokaci guda kafin a sami wannan hoto. Link ya koya wa na baya cewa a haɗa jirgi da mutanen da ke zaune a gefensa. Yau akwai gidan adana ayyukansa a Roanoke, wanda aka buɗe a 2004.

Babban juyi ya zo ne a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da wasu suka gaji da zuwa jana'iza. A Birtaniya masu sa kai sun riga sun karɓi layin Talyllyn na yankin Wales a 1951, suka nuna abin mai yiwuwa ne. A Pennsylvania kuwa akwai layin Strasburg, mil huɗu da rabi kacal, wanda aka ba shi izinin kafuwa tun 1832. Ciyawa ta cinye shi, ambaliya ta ɓata shi, masu shi sun nemi rufewa. A 1958 wasu masoya jirgi suka haɗa kuɗi suka saye shi a kan dala 18,000, suka shiga gyara da hannunsu. A Janairun 1959 suka fara ɗaukar fasinja, a 1960 suka dawo da injin tururi. Layin ya ratsa gonakin mutanen Amish, waɗanda har yau da dawakai suke noma, don haka kowane hoto da aka ɗauka a can talla ne da kansa. Strasburg na nan, yana ɗaukar masu yawon buɗe ido, yana jan kaya, kuma bitarsa tana yi wa wasu layuka gyaran injuna.

Labarin East Broad Top, shi ma a Pennsylvania, ya fi ban mamaki. Layin kwal ne mai faɗin ƙafa uku, ya tsaya da aiki a 1956, wani dillalin tsofaffin ƙarafa mai suna Nick Kovalchick ya saye shi. Kowa ya ɗauka wuta za a sa wa layin a narkar da shi. Mutumin bai yanka ba. A 1960 ma ya buɗe wani yanki don masu yawo. An sake rufewa bayan 2011, wata gidauniya ta saya a 2020, tururi ya dawo a 2023. A duwatsun Colorado kuma, layin Durango zuwa Silverton, mil 45 da aka kammala a 1882 don jigilar azurfa da zinariya, masu kallo ne suka cika shi bayan finafinan Hollywood sun nuna kwazazzabon kogin Animas. Hukuma ta hana mai layin, kamfanin Rio Grande, rufe shi, a 1981 kuma Charles Bradshaw ya saya ya ci gaba da shi. A 1970 jihohin Colorado da New Mexico suka haɗa hannu suka sayi mil 64 tsakanin Chama da Antonito, wato Cumbres and Toltec, wanda ke hawa har sama da mita 3,000.

Da layukan suka tsira, sai buƙatar masu hoto ta ƙara zurfi. Yanzu akan yi shatar jirgi don hoto zalla. Mutum talatin ko arba'in su biya kuɗi mai kauri, a haɗa musu tsofaffin taragun kaya, a maido da tsohon fenti da tsohon suna, a kawo motocin da, ma'aikata su sa tufafin zamanin. A garin Ely na jihar Nevada, inda kamfanin haƙar tagulla ya bar wa gari layin Nevada Northern da bitarsa a shekarun 1980, cikin tsananin hunturu ake wannan taro. Dalilin kuwa a fili yake: sanyi ne ke sa tururi ya yi fari ya tsaya a sama. Ana fita tun kafin asuba, yatsu na ƙanƙarewa a kan kyamara, ana jiran hasken farko ya bugi gefen kan jirgi mai lamba 93, wanda aka ƙera a 1909.

Dokoki su ma sun tura harkar zuwa ƙananan layuka. Dokar Staggers ta 1980 ta sauƙaƙa wa manyan kamfanoni sayar da rassan da ba sa kawo musu riba, aka sami sababbin ƙananan kamfanoni da yawa, har yau adadinsu ya kai wajen 600. A ɗaya gefen, manya suka riƙa rufe ƙofa saboda tsadar inshora da cunkoson kaya. Norfolk Southern ya dakatar da tafiye-tafiyensa na tururi a 1994, kamfanin jiragen fasinja na Amtrak kuma ya taƙaita shatar jirage a 2018. Mai son hawa da sauka da ɗaukar hoto sai ya koma inda aka fara, wurin ƙaramin layi mai iya tsayar da jirgi rabin awa ba tare da ya tare wa kowa hanya ba.

Rayuwar ba ta zo a arha ba. A 1995 tukunyar wani injin tururi ta yi bindiga kusa da Gettysburg, ma'aikata uku suka ƙone. Bayan haka hukumar layin dogo ta tarayya ta tsaurara doka: duk kwana 1,472 na aiki, ko shekara 15, dole a kwance tukunya a duba ta ciki da bai. Aiki ne mai cin dukiya da shekaru. Bayan gobarar daji ta 2018 a kusa da Durango, layin Silverton ya mayar da injunansa masu ƙona mai maimakon kwal, don gudun tartsatsi. Kayan ɗaukar hoto su ma sun sake sauyawa: an daina yin Kodachrome a 2009, kyamarar dijital da wayar hannu da ƙananan jirage marasa matuƙi suka maye gurbinsa, hoton da aka ɗauka da safe ya zaga duniya kafin azahar.

Layin Deerfield da ya karɓi baƙin farko bai tsira ba, an cire shi a 1971, hotuna kawai suka rage. Bambancinsa da Strasburg shi ne, a ɗaya an ɗauki hoto an tafi, a ɗayan an ɗauki hoto an sa hannu a aljihu. Wannan darasi bai tsufa ba. Har yau akwai masu bin jirgi da mota daga mararraba zuwa mararraba, su kwashi hotuna ba su sayi tikiti ba, alhali kwal da mai da katakon ƙarƙashin dogo duk kuɗi ne. Abin da ya fi kuɗi wuyar samu kuma shi ne hannu: maƙerin da ya iya ɗinke tukunya, da fayaman da ya san launin wuta. Tsofaffin da suka yi aiki a zamanin tururi sun kusa ƙarewa. Layukan da ke ɗaukar matasa suna koya musu wannan aiki, su ne za su iya tsayar da jirgi a bakin gada nan da shekara hamsin, su ce wa fasinja su sauka su ja sahu.