Jita tsakanin hunturu da damina: yadda ake kare ta a yankin Sahel

Jita ta ƙara samun karɓuwa a Nijar da Mali tun lokacin da ƙungiyar Tinariwen ta fito da salon kiɗan Abzinawa, sannan mawaƙa irin su Bombino da Mdou Moctar suka kai sunan Agadas manyan dandalin duniya. Sai dai yawancin jitocin da ake sayarwa a kasuwannin Yamai, Maraɗi ko Garwa an ƙera su ne a wasu ƙasashe, cikin ɗakunan da ake daidaita laimar iska. Manyan kamfanonin ƙera jita, kamar Martin da Taylor, suna ba da shawarar a ajiye ta a inda laimar take tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100. A Sahel kuwa, ba kasafai ake samun haka ba.

Me ya sa yanayi ke taɓa ta?

Katako yana shan laima ya kumbura, yana kuma rasa ta ya tsuke, ko da an shekara da sare shi. Fuskar jitar da ba ta lantarki ba siririya ce, kaurinta bai wuce milimita 3 ba, ga shi tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan ta da ƙarfin da ya kai wajen kilo 70. Ƙaramin sauyi a jikin katakon ya isa ya canza sauti ko ya haifar da tsaga.

Lokacin hunturu da bazara

Daga Nuwamba zuwa Maris, laimar iska kan sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Wannan ne lokaci mafi haɗari. Alamun bushewa su ne: fuskar jita ta lotsa, tsirkiyoyi su kwanta har su riƙa zuza, bakin ƙananan ƙarafan da ke gicciye a wuyanta ya fito yana kartar hannu. In an yi sakaci, fuskar ta tsage, ko jakin da ke riƙe tsirkiyoyi ya ɗago.

Maganin ba shi da tsada. A ajiye jita cikin akwatinta a rufe. A jiƙa soso, a matse shi sosai, a sa cikin robar sabulu mai huda, a ajiye a akwatin ba tare da ruwa ya taɓa katako ba. A riƙa duba shi bayan kwana biyu ko uku.

A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Cikin motar da aka rufe a rana yana iya wuce 60, inda gam ɗin da ya haɗa sassan jita ke fara saki. Don haka kada a bar ta a mota, ko a saman kaya a doguwar tafiya.

Lokacin damina

Daga Yuni zuwa Satumba lamarin ya juya. Fuskar jita takan kumbura, tsirkiyoyi su yi nisa da wuya har danna su ya yi wuya, sauti ya dushe, ƙarfe ya yi tsatsa, wani lokaci fumfuna ta kama cikin akwati. A nan sai a cire soson, a maye gurbinsa da ƙunshin ƙwayoyin silika masu tsotse laima, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, amma da yawa. A goge tsirkiyoyi da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa, kada kuma a jingina jita a bango mai danshi.

Makaɗan ganga sun saba gasa fata a rana ko kusa da wuta idan ta saki. Wannan dabarar fata ce. A yi wa jita haka, ɓarna ce.

Ga masu tafiya

Makaɗin da ya tashi daga Agadas zuwa Kwatano ko Lome ya fita daga busasshiyar iska zuwa mai laima cikin ƴan kwanaki. Idan ya isa, ya bar jitar a akwati na wasu awoyi kafin ya buɗe. Ƙaramin ma'aunin laima, wanda ake kira hygromètre da Faransanci, shi ne zai nuna masa ko soso ake buƙata ko silika.

Wajen saye

Jitar da aka yi da contreplaqué, wato siraran katakai da aka manne hawa-hawa, ta fi jure sauyin yanayi bisa ga ta katako ɗaya, ko da yake ba ta kai ta daɗin sauti ba. Jitar lantarki ma ta fi juriya, sai dai ƙurar hunturu kan shiga maɓallanta ta sa su ƙara. Idan tsaga ta bayyana, a sassauta tsirkiyoyi nan take a kai wa gwani, domin tsagar da ƙura ta shiga ta fi wuyar ɗinkewa.