Tarihin injin esfireso: ina wutar da yake ci take tafiya?

Yau darasin namu ba na waya ba ne, na injin esfireso ne, wato injin da ke tatso gahawa mai kauri a ɗan ƙaramin kofi irin ta Italiyawa. Wanda ya duba bayansa ya ga an rubuta wat 1,200 ko 1,500 sai ya ce wannan ai ya fi firij cin wuta. To gaskiya ne ko ba gaskiya ba? Amsar tana cikin tarihinsa.

A 1884 wani mutumin Turin mai suna Angelo Moriondo ya yi rajistar injin dafa gahawa da tururi. A 1901 Luigi Bezzera na Milan ya gyara shi yadda zai riƙa fitar da kofi ɗaya-ɗaya nan take, sai Desiderio Pavoni ya sayi fasahar ya fara ƙera shi don sayarwa a 1905. Waɗannan injina na shago ne, dogaye, da ƙatuwar tukunyar ruwa a ciki. Tururi ne ke tura ruwan ta cikin garin gahawa, don haka dole tukunya ta wuni tana tafasa, ko da ciniki ko babu. Matsin kuma bai wuce bar 2 ba, ruwan ya yi zafi da yawa, gahawar tana fitowa da ɗacin ƙuna.

Achille Gaggia, wani mai shagon gahawa a Milan, shi ya raba aikin gida biyu. A 1947 ya yi rajistar inji mai dogon hannu da sifirin a ciki. Mai shago zai ja hannun ƙasa, sifirin ya tura ruwan da matsin da ya kai bar 8 zuwa 10. Kun ga ke nan wuta aikinta zafafa ruwa kawai, matsi kuwa daga damtsen mutum yake. Nan ne kumfar nan mai ruwan ƙasa da ke saman esfireso ta fara bayyana.

A 1961 kamfanin Faema ya fitar da E61, ya sa famfon lantarki a madadin damtse, yana ba da bar 9 daidai, wato kusan ninki huɗu na iskar tayar mota. Bakin da gahawa ke fitowa an yi shi da tagulla mai nauyin kusan kilo 4, ruwan zafi yana zagayawa cikinsa don kada ya huce. Har yau injinan gida masu tsada suna amfani da wannan bakin. Ku riƙe wannan kilo 4 ɗin, za mu dawo kansa.

Shigar injin cikin gidaje a hankali ta zo. Gaggia ya yi ƙaramin inji mai suna Gilda a 1952, La Pavoni ta yi Europiccola a 1961, sannan Baby Gaggia ta fito a 1977. A 1986 Nestlé ta ƙasar Suwizalan ta kawo Nespresso mai garin gahawa a ɗan kwanso. Irin waɗannan ƙananan injina na baya-bayan nan yawancinsu ba su da tukunya. Ruwa yana bi ta siririn bututu a cikin dunƙulen ƙarfe mai hita, yana zafi a hanya, kuma iya wanda za a sha ake zafafawa.

Yanzu mu yi lissafi da abin da muka sani, batirin waya. Batir mai 5,000mAh yana ɗaukar kusan wat-awa 19. Yunit ɗaya na mita kuwa wat-awa 1,000 ne, kusan cajin waya 50 ke nan.

Kofin esfireso ɗaya bai wuce mililita 30 ba. Kafin a kai wannan ruwan daga digiri 25 zuwa 93 ana buƙatar wat-awa 2 da rabi ma bai cika ba. Wallahi ko kashi ɗaya cikin bakwai na batirin wayarka bai kai ba. Famfon ƙananan injina kusan wat 50 ne, kuma daƙiƙa 25 zuwa 30 yake aiki, cinsa ba abin lissafi ba ne.

To ina wutar take tafiya? Ƙarfe ne ke shanye ta. Tagullar nan ta E61 kaɗai kafin ta yi zafi sai ta sha kusan wat-awa 27, fiye da ruwan kofi goma, ba a ma zo kan tukunya ba. Bayan ta yi zafi kuma tana ta zubar da shi cikin iska, hita yana ta kamawa yana saki don ya cike gurbi.

A ce hitan injinka wat 1,200 ne, yana aiki minti 5 duk kunnawa. Wannan wat-awa 100 ne. Sau biyu a rana, yunit 6 a wata. A farashin naira 225 da aka sa wa 'yan Band A a Afrilun 2024, naira 1,350 ke nan. Amma a ce ka bar shi a kunne awa 10 kullum yana jan wat 100 a matsakaici don riƙe zafi, ka ƙara yunit 30, naira 6,750, alhali gahawar da ka sha ba ta ƙaru ba. Mai bututun nan kuwa da ke zafi cikin minti ɗaya, wat 1,300 na minti ɗaya kusan wat-awa 22 ne, cajin waya ɗaya da ɗan kai.

Wannan ɓarnar ta jira ce ta sa Tarayyar Turai ta yi doka: daga 1 ga Janairun 2015, sabon injin esfireso na gida dole ya kashe kansa cikin minti 30 bayan kofin ƙarshe.

Saura abu biyu ga mai niyyar saye a nan. Na farko, yunit daban, wat daban. Ko da injin ba ya cinye kati, a lokacin da hita ya kama yana jan wat ɗinsa cif, don haka ƙaramin janaretan nan mai wat 650 zuwa 900 ba zai ɗauka ba, inbata mai 1kVA ma haka. Na biyu, in na hannu ne ka duba takardar bayansa. Na Amurka bolt 120 ne, wutarmu 230 ce, kana jonawa kai tsaye hita ya ƙone.

Wanda kuma bai da wuta tsayayya, akwai butar Moka da Alfonso Bialetti ya fitar a 1933. A kan risho ko gas ake ɗora ta. Matsinta bai wuce bar 2 ba, kamar injin Bezzera, don haka ba za ka samu kumfar Gaggia ba, amma gahawar tana kauri kuma mitarka ba ta san an yi ba.

Allah ya sa mu amfana.