Idan Cikon Haƙori Ya Fita: Mi Ya Kamata A Yi?

Babban mutum yana da haƙora 32. Wanda ya fita daga cikinsu ba ya sake tsirowa. Shi ya sa idan haƙori ya yi kogo, likita yakan kankare wurin da ya ruɓe, ya cike ramin. Wannan shi ne ciko. Akwai mai launin azurfa, akwai fari mai kama da haƙori.

Mi ke sa ciko ya fita?

Ciko kamar yaɓen rumbu yake: yana daɗewa, amma ba ya dawwama. Mai launin azurfa yakan kai shekara 10 zuwa 15, fari kuwa sau da yawa ba ya kai haka. Yakan fita idan ya tsufa, ko idan sabon ruɓa ya shiga ta gefensa. Tauna abu mai tauri, kamar ƙashi, ƙanƙara, busasshen dabino ko tsakuwa cikin abinci, ita ma tana ɓamɓare shi. Haka kuma alewa mai danƙo da cizon haƙora cikin barci.

Don mi bai kamata a jira ba?

Bayan haƙori yana da tauri, amma cikinsa akwai jijiya da hanyoyin jini. Ciko shi ne murfin da ke kare su. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da zarar murfin ya fita, abinci yana taruwa a ramin, ƙwayoyin cuta suna ci gaba da cin haƙorin har su iske jijiya.

Wani yakan ce: "Tunda ba ya ciwo, bari in bar shi." Wannan kuskure ne. Wani lokaci ma zafi yakan tsananta, sannan ya ɗauke gaba ɗaya. Ba warkewa ba ce: mai yiwuwa jijiyar ce ta mutu, kuma mugunya na iya taruwa a gindin haƙorin. Ramin da aka kai wa likita da wuri, sabon ciko ya ishe shi. Wanda aka bari watanni, aikinsa ya fi tsada, ko kuma a cire haƙorin.

Abin da za ku yi a gida

1. Ku fitar da cikon daga baki. Idan kun haɗiye shi, kada ku tsorata, yakan fita tare da bayan gida.
2. Ku zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofi ɗaya na ruwa mai ɗumi, ku kurkure baki, ku zubar. A yi haka bayan kowane cin abinci.
3. Ku ci gaba da wanke baki safe da dare, da asuwaki ko buroshi mai taushi, a hankali kusa da ramin.
4. Ku yi tauna da ɗaya ɓangaren.
5. Ku rage shayi mai sukari, ruwan sanyi da abinci mai zafi ƙwarai.
6. Idan akwai ciwo, babba na iya shan farasetamol mai miligiram 500, ƙwaya 1 ko 2. A bar awa 6 tsakani, kada a wuce ƙwaya 6 a yini. A saye shi a farmasi, ba wurin masu talla ba.
7. Kanumfari yana rage zafi na ɗan lokaci, amma ba ya warkar da kogo.

Abin da ba a yi

- Kada a sakace ramin da allura, tsinke ko ashana.
- Kada a sa ruwan batir, fetur, kanwa ko garin taba. Suna ƙone dasashi, ba sa kashe cutar.
- Kada a ɗora ƙwayar asfirin a kan haƙori. Ita ma tana ƙone dasashi.
- Kada a maida cikon da gam.
- Kada a je wurin masu cire haƙori a kasuwa. Kayan aikin da ba a tsabtace ba suna iya yaɗa ciwon hanta da sida.

Ina za a tafi?

Ku nemi likitan haƙori cikin ƴan kwanaki, ko da babu ciwo. Likitocin haƙori sun fi yawa a manyan birane kamar Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa. Wanda ke karkara sai ya fara da cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa, a duba shi, a gaya masa inda zai nufa. Idan likita ya sa ciko na wucin gadi, a koma ranar da ya faɗa, domin irin wannan ba ya daɗewa. Mace mai ciki da mai ciwon sukari su sanar da likita halin da suke ciki.

Alamomin haɗari

A tafi asibiti a ranar, ko da dare ne, idan aka ga:

- kumburin kunci, muƙamuƙi ko ƙarƙashin ido;
- zazzaɓi tare da ciwon haƙori;
- baki ya ƙi buɗewa sosai;
- wahalar haɗiya ko numfashi.

Waɗannan suna nuna cutar ta bar haƙori ta shiga jiki, kuma tana iya kisa.

Wanda ya karanta wannan, ya bayyana wa iyalinsa da maƙwabtansa.