Kare Kwamfutar Hannu daga Miyagun Manhajoji: Bayani ga Ma'aikatan Karkara a Magariya da Dungas

An shirya wannan bayani ne domin ku ma'aikatan lafiya, malaman gona, malaman makaranta da masu tattara bayanai da ke aiki a gundumomin Magariya da Dungas na jihar Damagaram. Da yawa daga cikinku suna riƙe da kwamfutar hannu, wadda aka fi sani da tablet, domin cike takardun aiki ta manhajoji irin su KoboCollect da ODK. A cikin wannan na'ura akwai sunayen iyalai, lambobin wayarsu, bayanan lafiyar yara da jerin masu karɓar tallafi. Amana ce a hannunku, kuma latsa adireshi ɗaya ba tare da lura ba na iya tozarta ta.

Mece ce muguwar manhaja?

Muguwar manhaja shiri ne da aka rubuta domin ya yi aiki cikin na'ura ba da yardar mai ita ba. Akwai mai leƙen asiri, wadda ke kwashe hotuna, saƙonni da lambobin sirri. Akwai mai satar kuɗi, wadda ke karanta lambar tabbatarwa da banki ko kamfanin aika kuɗi ya turo. Wata kuma tana yi wa layin waya rajistar hidimomin biya a ɓoye, sai ku ga kuɗin waya suna zurarewa. Wata tana kulle na'urar baki ɗaya, a nemi fansa kafin a buɗe.

Ta yaya take shiga?

Hanyar da ta fi yawa ita ce mahaɗi, wato adireshin intanet da ake latsawa a cikin saƙon waya, WhatsApp, Facebook, imel ko tallan da ke faɗowa lokacin da kuke lilo. A na'urar da ake sabuntawa, latsawa kaɗai ba ta cika jawo ɓarna ba. Ɓarnar tana zuwa ne a matakai uku da ke biyo baya. Da farko shafin zai ce ku sauke wani fayil, galibi mai ƙarewa da haruffan apk. Na biyu zai ce ku ba na'urar izinin girka shi daga wajen Play Store. Na uku manhajar za ta nemi izinin karanta saƙonni, ganin lambobin jama'a, ko izinin da aka tanada domin taimaka wa naƙasassu, wanda ke ba ta damar ganin allo da latsa shi da kanta. A kowane mataki kuna da ikon ƙi. Amma a tsohuwar na'ura da ta daɗe ba a sabunta ba, buɗe shafin kaɗai na iya isa, domin akwai kafofin da ba a toshe ba.

Abin da ya riga ya faru

A ƙarshen shekarar 2020 wata manhaja mai suna FluBot ta bazu a Turai ta saƙon da ke cewa mutum yana da kaya a hanya, ya latsa domin bin sawunsu. Duk wanda ya girka ta, sai ta sace bayanan bankinsa, ta kuma tura saƙon ga lambobin da ke cikin wayarsa. A watan Oktoba na 2021 hukumar sadarwar Najeriya, NCC, ta gargaɗi jama'a game da ita, kuma sai a 2022 ƴan sandan ƙasashe 11 suka haɗu suka rushe cibiyarta.

A watan Mayu na 2021 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa masu kutse sun shiga asusun da hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, ke aika wasiƙu da shi, suka tura saƙo mai ɗauke da mugun mahaɗi zuwa adireshi kusan 3,000 a ƙungiyoyi fiye da 150. Aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙungiyoyin masu aikin raya ƙasa ne, agaji da kare haƙƙin ɗan Adam. Ke nan saƙo na iya zuwa da sunan da kuka sani, kuma ya kasance tarko.

A watan Agusta na 2016 kuwa, Ahmed Mansoor, mai fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya sami saƙo mai mahaɗi da bai gamsu da shi ba. Bai latsa ba, ya miƙa wa masana na Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto. Ta haka aka gano manhajar leƙen asiri ta Pegasus, kuma kamfanin Apple ya toshe kafofin cikin ƴan kwanaki.

Me ya sa yankinmu ke bukatar ƙarin lura?

Daga Sassumburum da Ɗan Ciyawo zuwa Dogo-Dogo da Malawa, harkar jama'a a haɗe take da ta Najeriya, musamman kasuwanni irin na Maigatari da Babura. Mutum guda kan riƙe layin ƙasashen biyu, saboda haka saƙon yaudara na iso masa da Faransanci, Ingilishi ko Hausa. Ga kuma ƙarancin wutar lantarki, wanda ke sa a bar na'ura a shagon caji, da tsadar data, wadda ke sa a karɓi manhaja ta Xender ko Bluetooth maimakon a sauke ta daga tushe. A lokacin bazara da farkon damina, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa, saƙon da ke alkawarin tallafi yana da saurin shiga zuciya.

Alamomin mahaɗin da ba a amince da shi ba

1. Yana alkawarin kyauta: data, kuɗi, aikin yi ko tallafin wata ƙungiya. Banza ba ta kai zomo kasuwa.
2. Yana tsoratarwa ko gaggautawa: za a rufe layinku yau, ko na'urarku ta kamu da cuta.
3. Yana cewa sai kun tura wa mutum goma ko rukuni biyar kafin ku samu.
4. An sauya harafi a adireshin, kamar sifili a gurbin o, ko an gajarta shi har ba a ganin inda ya nufa.
5. Yana neman lambar sirri ta asusun kuɗi ko lambar tabbatarwa. Kamfanin gaskiya ba ya neman su ta saƙo.

Ku sani cewa hoton kwado da ke gefen adireshi ba shaidar gaskiya ba ce. Ma'anarsa kawai an ɓoye abin da ke wucewa tsakaninku da shafin, kuma mayaudara ma suna da shi.

Matakan rigakafi

Ku keɓe na'urar aiki ga aiki, kada a ba yara ko abokai domin kallo. Ku sauke manhaja daga Play Store ko daga jami'in fasaha na aikinku kaɗai, ku guji kwaikwayon WhatsApp da ake yawo da su. Ku bar Play Protect a kunne, ku karɓi sabuntawa duk lokacin da kuka shiga gari mai ƙarfin sabis. Ku sa lambar kulle allo, ku kashe na'urar kafin ku ba da ita caji. Ku aika takardun da kuka cike kowace rana idan hali ya yi. In saƙo ya zo da sunan shugabanku ko wata ƙungiya, ku kira lambar da kuka sani tun da, ku tabbatar.

Idan kun riga kun latsa

1. Ku rufe shafin, kada ku rubuta komai, kada ku girka komai.
2. Idan an riga an girka, ku katse data da Wi-Fi nan take.
3. Ku sanar da shugaban aikinku a ranar. Ɓoyewa saboda kunya ita ke ba ɓarawo lokaci.
4. Ku sauya kalmomin sirri daga wata na'ura dabam, ku kuma kira kamfanin da ke riƙe da kuɗinku.
5. Ku gargaɗi waɗanda lambobinsu ke ciki kada su buɗe saƙon da ya fito daga gare ku.
6. Kada ku goge na'urar da kanku. Ku bari jami'in fasaha ya fara ceto takardun da ba a aika ba, sa'an nan ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.

Matsayin doka

Nijar ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2017, tare da hukumar HAPDP mai kula da ita, ta kuma kafa dokar hukunta laifuffukan intanet a 2019. Don haka wanda aka sace wa kuɗi ko bayanai yana da damar kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarmomi. Ku adana saƙon, lambar da ta turo shi da hoton allon, domin su ne shaidarku.

Uwar da ta ba ku sunan ɗanta da lambar wayar maigidanta ta yi haka ne domin ta yarda da ku. Duk mahaɗin da zuciyarku ba ta kwanta da shi ba, ku bar shi, ku tambayi jami'in fasaha ko shugaban aikinku.