Sunan Fatsima a Ƙasar Damagaram

Asalin wannan suna a wurinmu shi ne 'yar autar Manzon Allah (SAW), wadda Nana Hadiza ta haifa a Makka, ta rasu a Madina shekara ta 11 bayan Hijira, wata shida bayan wafatin mahaifinta. Idan ta shigo masa, miƙewa yake yi ya tarbe ta.

Mu Damagarawa ta ƙofa biyu ya iso mana. Tun zamanin da sarakunanmu suke aika gaisuwa Kukawa, Barebari ke cewa Falmata. Hausawa kuwa Fatsuma, ko Fati, ko Binta, wato bintu Rasulillahi. A Dogo da kewayenta da wuya gidan da babu ɗaya. Wanda ya raɗa wa 'yarsa sunan mahaifiyarsa kuwa, kunya ke hana shi ambatonsa, sai a kira yarinyar Uwani ko Ummi.

Yanzu mukan ji wasu matasa ranar suna suna cewa wai Fatsuma ta ƙauye ce, ta tsofaffi, su Zahra'u suke so. To, Zahra'u laƙabin wa? Ita ɗin ce dai. Abin da ya fi damun mu shi ne jikar da aka yi wa takwara, ta girma tana jin nauyin amsa sunan kakarta a gaban 'yan makaranta.