3.4 Taƙaddamar Hujja a Shari'ar Raunin Faɗuwa a Ƙasar Gumel

Masarautar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, domin sarakunanta Mangawa ne masu alaƙa da Barno. Duk da haka, fiƙihun da aka yi hukunci da shi na Malikiyya ne, wato irin wanda ke cikin Risala da Muhtasar da Tuhfa. Da Turawa suka kama ƙasar a 1903 ba su rushe kotunan alƙalai ba, sai ma suka tsara su da dokar kotunan gargajiya ta 1906.

Sau da yawa akan ɗauka cewa kai ƙara saboda an zame an faɗi baƙon abu ne da ya zo da Bature. Wannan nazari bai yarda da haka ba. Muhtasar ya kawo mas'alar wanda ya ajiye abu mai santsi, ko ya haƙa rijiya, ko ya ɗaure dabba a kan hanya. Idan ya nufi cutar da wani mutum takamaimai, kuma shi ɗin ya halaka, ƙisasi ne. In waninsa ne ya halaka, diyya ce. Muwaɗɗa kuma ta bambanta wanda ya yi haƙa inda yake da izini, wanda ba shi da lamuni, da wanda ya yi a hanyar jama'a.

Wahalar tana wajen tabbatarwa. A ɗauki misalin ɗan kasuwar da ya zame a kan ruwan da mai abinci ta zubar a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Kafin a je gaban alƙali ruwan ya bushe, waɗanda suka gani kuwa wasunsu sun tsallaka Nijar. Hujja tana kan mai ƙara, kuma maganarsa da'awa ce kawai, ba shaida ba. Sai ya kawo maza biyu adilai. Amma da yake raunin kuskure a dukiya yake ƙarewa, Malikiyya ta yi sassauci: namiji ɗaya da mata biyu sun isa, haka ma shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara. Ba a karɓar shaidar uba ga ɗansa, ko ta abokin gaba, ko ta wanda zai amfana da hukuncin. Abin lura a nan shi ne, mutanen da suka fi kusa da wanda ya faɗi, su ne shari'a ta fi zargi. Idan shaidu suka gagara, rantsuwa ta koma kan wanda ake ƙara, kuma da ita yake kuɓuta.

A nan ne tsarin ya rabu da na Ingila, inda mai ƙara da wanda ake ƙara kowa ke ba da shaida da bakinsa. A 1976, a shari'ar Ward da kantin Tesco, wata mata ta zame a kan kindirmon da ya zube, kotu ta ce kantin ne zai nuna bai yi sakaci ba. Saɓanin tsarin biyu ya taɓa fitowa fili a maƙwabtaka, a shari'ar Guri da En'e ta Haɗeja a 1959, inda Kotun Ƙoli ta Tarayya ta rushe hukuncin fashi saboda ba a bai wa wanda ake tuhuma damar kare kansa ba. Wannan shari'ar laifi ce, ba ta diyya ba. Dokar Final Kod ta 1960 ta sauya ɓangaren laifuka, a 1968 kotuna suka bar hannun En'e suka koma na jiha, a 2000 kuma Jigawa ta ƙaddamar da Shari'a.

Takardar likita, wadda ta shigo daga baya, ba ta warware matsalar ba. Tana tabbatar da cewa ƙafa ta karye, ba ta faɗin wanda ya zubar da ruwa. Amfaninta yana wajen auna rauni, domin cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce ko dinari 1,000, yatsa raƙuma 10, haƙori 5. Bugu da ƙari, Malikiyya ba ta yanke kuɗin rauni sai ya warke. Idan karayar kuskure ta ɗoru ta koma yadda take ba tare da naƙasa ba, Muwaɗɗa ta ce babu diyya. Saboda haka ko shaidu sun cika, akwai sauran gardama a kan ko ɗingishin da mai ƙara ya shigo kotu da shi na dindindin ne.