Tufkar Igiya da Tarihin Koyar da Makafi a Ƙasar Haɗeja

Tun kafin a gina ajin farko domin yara masu buƙata ta musamman, wato waɗanda makanta ko kurumta ko wata naƙasa ta hana su koyo yadda sauran yara suke yi, garuruwan Hausa suna da nasu tsarin horar da makafi, wanda ya dogara kacokan kan aikin hannu. A manyan birane makafi suna da unguwarsu da kuma Sarkin Makafi, wanda yake sasanta rigingimunsu, yake kuma wakiltarsu a fada, kuma ko da yake bara ce ta fi fitowa fili a idon jama'a, sana'ar da aka fi danganta su da ita ita ce tufkar igiya.

A masarautar Haɗeja kayan wannan aiki ba su da wuyar samu, domin goruba tana yawaita a jigawa da bakin fadama, kuma daga ganyenta, wanda ake kira kaba, ake yin igiya da tabarma da faifai. Yadda ake koyar da sana'ar ya cancanci a tsaya a kansa. Yaro yakan fara da jiƙa kaba da tsaga ta, ya daɗe a kan wannan kafin a bar shi ya murza zare biyu tsakanin tafukansa, yana danne bakin igiyar da babban yatsan ƙafa, shi kuwa mai koyarwa yakan ɗora hannunsa bisa na yaron, sannan ya riƙa janyewa sannu a hankali har yaron ya gane da kansa inda tufka ta yi sako-sako. Hukuncin ƙarshe na kasuwa ne, domin igiyar guga ko dabaibayin da bai yi ƙwari ba babu mai saye. Abin da masana ilimi na yau suke kira rarraba aiki mataki-mataki da rage taimako bai wuce wannan hanyar koyarwa ba.

Ilimin aji ya zo daga baya, kuma daga nesa. A 1953 'yan mishan na Sudan United Mission suka buɗe makarantar makafi a Gindiri, cikin Jihar Filato ta yanzu, inda aka koyar da rubutun Birel, wanda ake karantawa da yatsa ta hanyar ɗigo shida masu tudu. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta keɓe sashe ga ilimi na musamman, a shekarar ne kuma aka kafa makarantar ilimi na musamman ta Tudun Maliki a Kano, lokacin da Haɗeja take cikin Jihar Kano, domin ba a ƙirƙiro Jigawa ba sai 1991. A yau akwai makarantar kurame a garin Haɗeja.

Makarantun sun ba ɗalibai karatu da rubutu, abin da tsohon tsari bai iya bayarwa ba, sai dai sun raba yaro da kasuwar garinsu, kuma igiyar roba ta karya darajar ta kaba, ta yadda ɗakin sana'a a makaranta ya zama dole ya nemi wasu ayyuka, irin su ɗinki da saƙa da kafinta, waɗanda ɗalibi zai iya ci da kansa da su bayan ya koma gida.